Hanyar Aberdeen da Takardar da Ba a Karanta Ba

Jirgin ƙasan da ke tashi daga Edinburgh zuwa Aberdeen yakan ci awa biyu da rabi ko kusan haka, kuma yawancin tafiyar a gefen ruwa yake yin ta, teku a hannun dama, gonakin sha'ir da garken tumaki a hagu. Masu yawon buɗe ido suna hawansa don kallon gaɓar gabashin Skotland, ma'aikatan mai kuma suna hawansa da jakunkunansu za su koma bakin aiki. Ga wanda ya damu da yadda mutane ke mutuwa a wurin neman abincinsu, da abin da ake yi bayan an yi jana'izarsu, wannan hanya tana da wani abin kallo daban, domin ta bi ta kan wurare biyu da aka yi mummunan hatsari, ta kuma ƙare a birnin da ya ɗauki makokin hatsari mafi muni a tarihin haƙar mai a teku. Dukkan ukun an bincike su an rubuta rahoto, kuma in aka jera rahotannin za a ji bakinsu ɗaya. Babban hatsari ba kasafai yake zuwa ba sai ya aiko ɗan saƙo tukuna, wata 'yar ƙara a jikin ƙarfe ko mutuwar mutum guda. Binciken da ke ceton rai shi ne wanda aka yi wa wannan ɗan saƙon, aka bi sawunsa tun daga hannun leburan da ya taɓa ƙarfen ƙarshe har teburin wanda ya tsara aikin.

Jirgin ba ya daɗewa da barin Edinburgh yake hawa gadar Forth, wata jibgegiyar gada ta ƙarfe mai jan fenti da aka buɗe a 1890, wadda duk wanda ya gan ta zai ce an zuba mata ƙarfe fiye da kima. Dalilin wannan kauri yana can gaba, bayan an ratsa yankin Fife, inda jirgin ke hawa gadar Tay mai tsawon fiye da kilomita uku ya nufi Dundee. In matafiyi ya leƙa ta tagar dama zai ga wasu kututtura a jere cikin ruwa, daf da gadar da yake kai. Ƙafafun tsohuwar gada ne. Daren 28 ga Disamba 1879 guguwa ta karya tsakiyarta daidai lokacin da jirgin fasinja ke kanta, kuma babu wanda ya fita, daga direba da mai zuba gawayi har fasinjoji, aƙalla mutum 59 da aka tabbatar. Gadar ba ta cika shekara biyu da buɗewa ba. Bincike ya gano cewa injiniyan da ya zana ta, Thomas Bouch, bai yi wa ƙarfin iska lissafin da ya kamata ba, kuma a maƙerar da aka zuba ginshiƙan ana cike ramukan da suka fito a jikin ƙarfe da wani haɗin kaki da garin ƙarfe, a shafe don kada a gani. Amma shaidar da ta fi nauyi a wurina ita ce ta mai duba gadar. Ya ji sandunan da suka ɗaure ginshiƙan suna kaɗawa suna ƙara in jirgi ya wuce, sai maimakon ya kai wa injiniya labari ya riƙa cusa musu 'yan guntayen ƙarfe har suka yi shiru. Ƙarar ta daina, lahanin yana nan. Mutumin ba mugu ba ne, sana'arsa duba aikin bulo ce, aka ɗora shi a kan gadar ƙarfe. Bouch ne zai gina gadar Forth, sai aka ƙwace aikin aka ba John Fowler da Benjamin Baker, su kuma suka gina abin da iska ba za ta girgiza ba.

Daga Dundee jirgin yana bin Arbroath da Montrose, sannan ya rabu da teku ya shiga cikin tuddai kafin ya gangara Stonehaven. A cikin tuddan nan, a wani wuri da ake kira Carmont, babu abin jan ido sai gangare mai ciyawa da wata 'yar gada a kan rafi. A nan ne safiyar 12 ga Agusta 2020, bayan an kwana ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, jirgin fasinja ya hau kan tsakuwar da ruwa ya kwaso ya zube a kan layi, ya kauce, ya daki bangon gadar. Direba da kwandasta da fasinja ɗaya suka rasu. Da an tsaya a kan abin da ido ya gani, da an ce ruwan sama ne aka rufe magana. Hukumar binciken hatsarin jiragen ƙasa ta Birtaniya ta ci gaba da tono, kuma rahotonta na Maris 2022 ya nuna cewa tsakuwar daga wata magudanar ruwa ta fito, wadda kamfanin Carillion ya gina tsakanin 2011 da 2012 ba yadda zane ya ce ba. An ƙara wani tudun ƙasa da babu shi a zanen, shi ya tattara ruwan ya tura shi wuri guda. Network Rail mai layin bai lura da canjin ba, ɓangaren sama na magudanar kuma ba a riƙa duba shi ba. Shekara takwas lahanin yana kwance yana jiran ruwa mai ƙarfi.

Aberdeen gari ne na dutse, toka-toka, mai ƙyalli in rana ta fito, mai duhu in hadari ya haɗu. Tashar jirgin ƙasa tana daf da tashar jiragen ruwa, har mutum yana fitowa yake hango jiragen dako masu buɗaɗɗen baya ana loda musu bututu da kwantena da tankunan sinadari za su kai wa dandamalan haƙar mai. Sama ba ta rabuwa da ƙarar jirage masu saukar ungulu da ke tashi daga filin jirgin Dyce. Kafin man Tekun Arewa ya zo a shekarun 1970, garin na kamun kifi ne da fasa dutse da ƙera jiragen ruwa. A titin Shiprow, ɗan hawa kaɗan daga bakin ruwa, akwai gidan tarihin harkokin teku, kuma a tsakiyarsa an kafa samfurin dandamalin Murchison mai tsayin kusan mita tara, ana hawa bene ana kallonsa daga ƙasa har sama. Ya kamata baƙo ya ba wannan samfuri lokaci, don shi ke nuna irin cunkoson wurin: rijiyoyin mai, injinan matse gas, janareto, ɗakin sarrafa na'urori, ɗakunan kwana da ɗakin cin abinci, duk a jibge a kan ƙafafun ƙarfe, bene a kan bene, teku a ƙasa. A tudu, in matatar mai ta kama wuta, ma'aikaci yana da ƙofa da filin da zai ruga. A nan gadonsa 'yan taku ne daga bututun gas.

Daga tsakiyar gari bas yana kai mutum yamma, zuwa lambun shaƙatawa na Hazlehead. Can ciki, bayan itatuwa da filayen wasa, akwai lambun wardi, a tsakiyarsa kuma mutum-mutumi uku na tagulla sun ba juna baya a kan dakalin dutse mai ja-ja, cikin kayan aikin mai, ɗaya sanye da rigar kariya daga sanyin teku, ɗaya riƙe da ɗan mai a tafin hannu. Sue Jane Taylor ce ta ƙera su, wadda ta taɓa zama a kan dandamalin Piper Alpha a 1987 tana zana ma'aikatansa, aka kuma buɗe wurin ranar 6 ga Yuli 1991. An sassaƙa sunayen mamatan a jikin dakalin. Piper Alpha na kamfanin Occidental Petroleum na Amurka ne, yana kimanin kilomita 190 arewa maso gabas da Aberdeen, ya fara fitar da mai a 1976, kuma lokacin hatsarin yana ba da kusan kashi 10 cikin 100 na mai da gas ɗin da ake samu a Tekun Arewa. Mutum 226 ne a kansa daren 6 ga Yuli 1988. Mutum 61 suka tsira, 165 suka mutu, tare da mutum biyu daga cikin masu kwale-kwalen ceto, jimilla 167. Gawa 30 ba a same su ba har yau.

Abin ya fara ne da gyara na yau da kullum. Dandamalin yana da famfo biyu, A da B, masu tura ruwan gas, wato gas ɗin da sanyi da matsi suka mayar ruwa, zuwa cikin bututun mai. Ranar an tsayar da famfo A don a yi masa babban gyara, sai aka ga tunda yana tsaye bari a cire bawul ɗinsa na rage matsi a gwada shi. 'Yan kwangila suka cire, suka toshe bakin bututun da faifan ƙarfe. Aikin bai ƙare ba har ƙarfe shida na yamma, lokacin da masu aikin rana ke miƙa wa masu aikin dare. Kowane aiki irin wannan yana da takardar izini, wadda amfaninta shi ne duk mai shirin kunna inji ya san abin da aka kwance a jikinsa. Takardar bawul ɗin aka mayar ɗakin sarrafa na'urori aka ajiye, ba a yi magana baki da baki da shugaban masu aiki ba, ba a kuma haɗa ta da takardar famfon ba. Bawul ɗin kansa yana wani bene a sama, inda mai tsaye a gindin famfo ba zai gan shi ba. Wajen ƙarfe goma saura kwata na dare famfo B ya tsaya ya ƙi tashi, kuma in ba a tura ruwan gas ba aikin dandamalin duka zai tsaya. Masu aikin dare suka ga ba a fara kwance famfo A ba, suka shirya mayar da shi aiki. Ruwan gas ya bi bututu ya tarar da faifan da ba a ɗaure notinsa da sifana ba, ya yi tsartuwa, na'urorin gano gas suka yi ta kuka, wajen ƙarfe goma kuma wuri ya fashe.

Wannan fashewa ta farko ba ita ta kashe yawancin mutanen ba. An gina dandamalin ne don mai, daga baya aka ƙara masa aikin gas, bangayen da suka raba sassansa kuma an yi su ne don tsare wuta, ba su da ƙarfin jure fashewa, sai suka tarwatse, ɓaraguzansu suka huda bututu, ɗakin sarrafa na'urori ya lalace. Famfunan kashe gobara masu tashi da kansu an mayar da su sai an kunna da hannu, don al'adar wurin ita ce a yi haka duk lokacin da masu nutso ke aiki, ko suna kusa da bakin famfon ko suna nesa. Mutum biyu da suka tafi kunnawa ba a sake ganinsu ba. Dandamalan Tartan da Claymore, waɗanda bututu ya haɗa su da Piper, suka ci gaba da turo mai na wani lokaci, manajojinsu suna jinkirin tsayar da aiki. Bayan kimanin minti ashirin zafi ya fasa babban bututun gas na Tartan, daga nan kuwa babu sauran abin da ɗan Adam zai iya yi wa wutar. Mutane da yawa suka taru a ɗakin cin abinci suna jiran jirgi mai saukar ungulu da wuta da hayaƙi ba za su bari ya sauka ba. Ba a ba da umarnin barin dandamalin ba, ba a sauke kwale-kwalen ceto ko ɗaya ba. Waɗanda suka rayu su ne waɗanda suka yanke wa kansu shawara suka nemi teku, wasu ta igiya, wasu suka yi tsalle daga filin saukar jirgi, tsayin fiye da mita 50. Sashen kwanan ya zame cikin ruwa da mutanen da ke cikinsa, sai daga baya a cikin shekarar aka ɗago shi.

Gwamnati ta ɗora wa alƙali Lord Cullen binciken. Ya yi zaman kwana 180 yana sauraron shaidu, ya fitar da rahoto a Nuwamba 1990. Aikin da wuya, don famfon da faifan suna ƙasan teku, yawancin waɗanda suka taɓa su kuma sun mutu. Sai aka koma ga abin da ya rage: jerin kukan na'urori kamar yadda mai kula da ɗakin sarrafawa da ya tsira ya tuna, hotunan da aka ɗauka daga jiragen ruwa, da gwajin yadda faifai ke yoyo in da yatsu kawai aka ɗaure shi. Amsa mai sauƙi tana nan a shirye, wani bai ɗaure noti ba, wani bai karanta takarda ba, matattu kuwa ba sa musu. Cullen ya wuce ta. Ya tambayi yadda ake aiki da takardun izini a sauran ranaku, sai ya tarar abin da ya faru ranar al'adar wurin ce: ana ajiye takarda a tafi ba magana, ana sa hannu ba a je an duba ba, ba a horar da 'yan kwangila yadda ya kamata. Manyan kamfanin kuma suna ɗaukar rashin jin ƙorafi a matsayin shaidar cewa komai lafiya. An taɓa ba da shawarar a daina kashe famfunan gobara in masu nutso ba sa kusa, ba a bi ba. An san bututun yayyafa ruwa suna toshewa da tsatsa shekaru kafin hatsarin. An gargaɗi kamfanin a rubuce cewa in babban bututun gas ya kama ba za a iya kashe wutar ba. Shawarwari 106 ya bayar, aka karɓe su duka. Tun daga dokar 1992 dole kowane kamfani ya rubuta hujjarsa, ya nuna ya san haɗurran dandamalinsa da yadda zai shawo kansu, kuma sai hukuma ta amince kafin ya yi aiki.

Ana yabon wannan bincike, kuma ya cancanci yabo. Amma a cikin rahoton akwai wani babi da ya kamata ya rage wa mai yabo murna. A watan Satumba 1987, wata goma kafin gobarar, wani ma'aikacin kwangila ya faɗo ya mutu a kan Piper Alpha, kuma daga cikin dalilan akwai gazawar takardar izinin aiki da rashin kyakkyawar miƙa aiki tsakanin masu rana da masu dare. An kai kamfanin kotu, ya amsa laifi. Wato lahanin nan da ya kashe mutum 167 ya riga ya kashe mutum ɗaya, a wuri guda, a ƙarƙashin shugabanni guda, an rubuta, har alƙali ya ji. Abin da ba a yi ba shi ne a ɗauki takardun izinin mako guda a zauna a duba ko ana bin su, a tsaya a ɗakin sarrafawa da ƙarfe shida a ga abin da mai tafiya ke gaya wa mai zuwa. A watan Yuni 1988, kwanaki kaɗan kafin gobarar, sufeton ma'aikatar makamashi ya ziyarci dandamalin, bai gano waɗannan lahani ba, Cullen kuma ya ce irin wannan duba na sama-sama ne, amfaninsa kaɗan. Duk tambayar da alƙalin ya yi cikin kwana 180 game da takardun nan, da an so, da an yi ta a kan gawar mutum ɗaya. Ma'aikatar makamashin kuwa ita ce mai son mai ya fito gwamnati ta samu kuɗi, ita ce kuma mai duba lafiyar aiki, shi ya sa a 1991 aka karɓe wannan aiki daga hannunta aka ba hukumar lafiya da kariyar ma'aikata.

Manajan da ya san aiki zai ce bayan an ga ƙarshe kowa malami ne. A dandamali guda ana samun ɗaruruwan ƙananan matsaloli a wata, wancan ya zame, wannan bututu ya yi ɗigo, in za a kafa kwamiti a kan kowace ba za a haƙo ko ganga ɗaya ba. Maganar tana da gaskiya, kuma wanda ya yi watsi da ita bai taɓa riƙe aiki ba. Sai dai ba a ce a binciki komai da zurfi ɗaya ba. Ma'aunin shi ne a tambaya, da sa'a ta ɗan karkata, me wannan abu zai iya jawowa? Mutum ya yanke yatsa a kicin, iyakarta yatsa. An kunna inji alhali an kwance wani ɓangarensa, ko da babu wanda ya ji ciwo, wannan iyakarsa dandamalin duka. Kamfanoni da yawa sun fi son ƙirga nau'in farko don shi ke da sauƙin ƙirgawa. Bayan fashewar matatar BP a Texas City a 2005, wadda ta kashe mutum 15, kwamitin James Baker ya gano cewa kamfanin yana kallon raguwar ƙananan raunuka yana zaton injinansa lafiya suke. Ranar 20 ga Afrilu 2010 kuma, manyan jami'ai suna kan dandamalin Deepwater Horizon suna yaba wa ma'aikata shekara bakwai ba raunin da ya hana mutum aiki, a daren rijiyar ta fashe ta kashe mutum 11. Ballantana mutuwar mutum sukutum, irin ta 1987, ai ba ƙaramar alama ba ce da za a ce ta ɓace cikin hayaniya.

Ƙorafin da ya fi wannan zafi na iyalan mamatan ne. A 1991 babban mai gabatar da ƙara na Skotland ya ce ba za a gurfanar da kowa a kan Piper Alpha ba, don hujjar ba ta kai ta kotun laifi ba. Wanda ya tsaya a gaban dakalin Hazlehead ya karanta sunaye zai fahimci mai cewa bincike ba hukunci wasa da hankali ne, ana shafa wa masu laifi mai a baki da sunan koyon darasi. Ban ga laifin wannan fushi ba, kuma ina ganin rashin gurfanarwar gazawa ce. Amma maganinta ba shi ne a mayar da mai bincike ɗan sanda ba. Makanikin da ya san duk abin da ya faɗa za a iya ɗaure shi da shi, ba zai ce haka muke yi kullum ba, alhali wannan jimlar ita ce mabuɗin Piper Alpha. In aka fara da neman wanda za a kama, na ƙasa ake kamawa, don hannunsa ne a kan ƙarfe, mai tebur kuma ya tsira, tsarin ya ci gaba yadda yake da sabon lebura. Hanyar da ta fi ita ce a raba ayyukan biyu, kowanne ya yi nasa. Cullen ɗin nan, da ya binciki karon jiragen ƙasa na Ladbroke Grove a Landan na 1999 wanda ya kashe mutum 31, ya ba da shawarar a kafa hukuma mai zaman kanta da aikinta gano dalili kawai, ba ɗora laifi ba. Ita ce ta fara aiki a 2005, ita ce ta tono magudanar Carmont. Hakan bai hana hukunci ba, don a Satumba 2023 Network Rail ya amsa laifi a babbar kotu a Aberdeen aka ci shi tarar fam miliyan 6.7.

In aka dawo cikin gari, a kan titin Union akwai tsohuwar majami'ar St Nicholas, wadda aka ware wani ɓangarenta don ma'aikatan mai, da littafin da ake rubuta sunayen waɗanda suka mutu a teku. Mutanen nan ma suna addu'a suna mayar da al'amari ga Ubangiji, bai kuma hana su tambaya ba. Na kawo wannan ne don na san a cikin masu karatu akwai mai cewa ajali ne, in kwana ya ƙare ko an ɗaure noti ko ba a ɗaure ba sai an tafi, tone-tone kuma kamar jayayya da ƙaddara ne. Imani da ƙaddara yana sanyaya zuciyar wanda aka yi wa rasuwa, amma ba ya sauke amanar wanda ya ɗauki mutane aiki. Shari'ar da ta koyar da ƙaddara ita ce ta wajabta diyya a kisan kuskure, diyya kuwa ba ta yiwuwa sai an zauna an gano wane ne ya yi sanadi, ta wace hanya. Littafin majami'ar kuma bai rufe a 1988 ba. A 2003 gas ya kashe mutum biyu a cikin ƙafar dandamalin Brent Bravo na Shell, inda aka bar facin wucin gadi a kan bututu, aka ci kamfanin tarar fam 900,000. Wannan shi ne guntun ƙarfen gadar Tay a wani zamani. Duk da haka tun bayan Cullen ba a sake rasa dandamali da mutanensa a ruwan Birtaniya ba, kuma da gas ya ɓalle a dandamalin Elgin na Total a 2012 an tsayar da aiki an kwashe mutum 238 ba a rasa rai ba.

A titunan Aberdeen ba wuya mutum ya haɗu da 'yan Nijeriya, da yawansu ɗaliban fasahar mai ne a Jami'ar Aberdeen da Jami'ar Robert Gordon, wasu da tallafin PTDF, asusun bunƙasa fasahar man fetur na Nijeriya, kuma Piper Alpha yana cikin abin da ake koyar da duk mai karatun kariya a harkar mai. Za su koma su tarar da ƙasar da ta yi rabin tafiyar. Dokar 2022 ta kafa hukumar NSIB mai binciken hatsarin jiragen sama da na ƙasa da na ruwa don gano dalili, wannan mataki ne mai kyau. Amma a ɓangaren haƙar mai, dokar man fetur ta 2021 ta damƙa wa hukuma guda, NUPRC, harkar lasisi da kula da yawan man da ake fitarwa da kuɗin da ke shiga aljihun gwamnati, ta kuma ɗora mata sa ido a kan lafiyar aiki. Ba sai an zargi kowa da rashin gaskiya ba kafin a ga matsalar: jami'in da ake auna ƙwazonsa da gangar mai, ranar da takardar izini ta nuna ya kamata a rufe rijiya, hannunsa zai yi nauyi. Nijeriya ta riga ta samu nata ɗan saƙon, don a Janairu 2012 dandamalin KS Endeavor da ke yi wa Chevron haƙa a ruwan Bayelsa ya kama wuta, mutum biyu suka mutu, wutar ta yi makonni tana ci. Birtaniya ta raba aikin kula da fitar mai da na duba lafiyar aiki bayan ta rasa mutum 167, Amurka ta wargaza tata hukumar ta raba su bayan Deepwater Horizon, Norwe kuwa ta raba nata tun 2004, kuma Majalisar Tarayya da ta yi dokar 2021 tana da ikon gyara ta.